A Riƙa Tambayar Yadda Aka Ɗauki Hoton Tsuntsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ku ba ni ɗan fili in yi magana kan hotunan tsuntsaye da kuka buga a shafinku na ƙarshen mako, musamman na tsuntsun nan mai jan ciki da baƙar fuska da ke zaune kan reshe. A ƙasan hoton kun rubuta "tsuntsun daji" kawai. Turogon mai takunkumi ke nan, wanda masana ke kira Trogon personatus, sunan da masanin tsuntsaye John Gould ya raɗa masa a 1842. Kalma ta biyun a harshen Latin tana nufin mai rufaffiyar fuska. Mazauninsa dazuzzukan hazo ne na tsaunukan Andis, tun daga Benezuwela da Kolambiya har Ekwado da Peru da Boliviya. Na yi shekaru ina ɗaukar hoton tsuntsaye, kuma ganinsa a jaridar Hausa ya faranta mini rai. Amma da na ƙura masa ido sai na ga tabon filasha a ƙwayar idonsa, bayansa kuma baƙi ƙirin kamar tsakar dare. Dalilin wannan wasiƙa ke nan.

Ba zargin mai hoton nake yi ba, domin na san abin da ya kai shi. Ran hoton tsuntsu yana cikin ido. In ido bai fito ba, komai kyan gashinsa sai ka ga kamar gawa ce aka jingina da reshe. To, su waɗannan masu takunkumi idonsu na ɓoye ne cikin baƙin gashi. In ka daidaita kyamara don jan cikin ya fito, fuskar ta koma dunƙulen gawayi. In ka buɗe ta don fuskar, farin zaren da ke ƙirjinsa ya ƙone fat. Hatta kyamarorin zamani masu neman ido da kansu sukan yi ta lalube a nan. Ga kuma duhun kurmi, inda hasken ranar da ke isa ƙasa bai fi kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, sauran duk ganye ya tare. Dole ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 3200 ko 6400 hoto ya yi yashi-yashi, ko ka rage gudun ɗauka har numfashinka ma ya isa ya ɓata aikin. Madubin kyamara kuwa yana ta yin raɓa saboda laima. A irin wannan hali, hannu da kansa yake kai wa ga filasha.

Alhali shi turogon ya riga ya sauƙaƙa wa mai haƙuri. Tsuntsu ne mai zama shiru wuri ɗaya, yana juya kai a hankali yana neman ƙwari. Kafa kyamararka kan ƙafa uku, ka jira ya waiwaya wajen da haske ke ratsowa, za ka ga ɗan ƙyalli ya bayyana a idonsa tare da jan zoben da ya kewaye shi. Wannan ƙyallin na Allah ya fi na fitila kyau nesa ba kusa ba.

Baƙin gashin nan ma ba ado ba ne kawai. A wani bincike da aka buga a 2012, masana a garin Eilat na Isra'ila sun kama wani ɗan tsuntsu mai farauta, mai baƙin takunkumi a ido, da ake kira Lanius nubicus, suka shafe takunkumin wasu da farin fenti. Waɗanda aka bari da baƙinsu suka ci gaba da farauta suna fuskantar rana, inda inuwarsu ba ta gargaɗin abin da za su kama. Waɗanda aka shafe kuwa suka koma ba rana baya, kamunsu ya ragu. Wato baƙin yana rage ƙyallin da ke kashe ido. Tun da na san haka nake jin nauyin haska wa irin wannan fuska fitila.

Duk da haka, filasha ƙaramin laifi ne in aka gwada da kiran ƙarya. Yanzu kowa na da kukan ɗaruruwan tsuntsaye a wayarsa. Ana kunna kukan namiji, sai mai wurin ya zaci wani ne ya shigo masa yanki, ya taso a fusace ya sauka inda ake so. Na taɓa yin haka sau ɗaya, ga wani ƙaramin tsuntsu mai baƙar fuska da ya ƙi fitowa daga duhuwa. Ya fito kuwa, da tsutsa a bakinsa. Ya yar da ita ya shiga kuka yana neman abokin gabar da babu shi, har bayan na kashe wayar bai daina ba. Tsutsar nan ta 'ya'yansa ce. Na sami hoton, amma ban taɓa nuna wa kowa shi ba. Ni kaɗai ne ranar, balle a wuraren da masu yawon buɗe ido ke zuwa ayari bayan ayari, kowanne da lasifikarsa, tsuntsu ɗaya ake kira daga safe har yamma. Ba banza ba aka hana wannan a gandayen dajin ƙasa na Amurka.

Sai batun sheƙa, inda ɓarnar ta fi muni, domin nan ne kaɗai tsuntsu ba ya iya guduwa. Akwai wani babban tsuntsun teku fari mai baƙar fuska, Sula dactylatra, da ke ƙwai a fili a ƙasa a tsibirai irin su Asenshan da ke tsakiyar tekun Atilantika. Ƙwai biyu yakan yi, amma galibi ɗa ɗaya ke rayuwa. In mai hoto ya matsa har uwar ta tashi, ya bar ƙwan ga zafin rana da masu fako daga sama. A Ostareliya kuwa akwai ɗan'uwan zakaran ƙeƙuwa mai rawayar fatar da ta rufe masa fuska, shi ba ya jira a gama, yakan kawo farmaki da ƙayar da ke fiffikensa. Shahararren mai hoton tsuntsaye na Ingila, Eric Hosking, a wajen sheƙar mujiya ya rasa idonsa na hagu a 1937. Wanda ke da makami yana rama wa kansa. Mafi yawansu ba su da shi, sai dai su bar gidan.

Wanda ya fi damuna shi ne Heliopais personatus, tsuntsun ruwa mai baƙar fuska da ya rage a kurmin Sundarban na Bangaladash da wasu koguna na Kambodiya. Ƙiyasin da aka buga a 2020 ya ce tsakanin 108 da 304 suka saura a duniya. Tsuntsun da adadinsa ya koma haka, sheƙa ɗaya da aka tayar asara ce da za a ji. Ga shi wayoyi da kyamarori da yawa suna liƙa wa hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi, mai hoto ya watsa a intanet bai sani ba ya zana wa kowa hanya. Shi ya sa eBird, manhajar da masu kallon tsuntsaye ke rubuta abin da suka gani, ke ɓoye wuraren da aka ga irin waɗannan tsuntsaye.

Wanda ke son koyon wannan sana'a ba sai ya je kurmi ba. Ya fara da kabare. Namijinsa mai baƙar fuska da jan ido a fili yake saƙarsa, cikin haske, yana reto da kai ƙasa yana kaɗa fiffike don mace ta zo ta duba aikin. Zauna daga nesa da sanyin safiya, rana a bayanka, za ka koyi yadda ake fitar da ido daga cikin baƙi ba tare da ka taɓa ko ganye ba.

Malam Edita, masu hoto suna kawo abin da suka ga ana bugawa ne. Don haka nake roƙonku, in an kawo muku hoton tsuntsu, ku tambayi mai shi yadda ya same shi: da kiran waya ne, da filasha ne, a bakin sheƙa ne? In tsuntsun na cikin waɗanda suka yi ƙaranci, kada ku faɗi takamaiman wurin, ƙasar ma ta isa. Ku riƙa rubuta sunan tsuntsun da inda yake rayuwa, ko yaranmu sa san cewa kowanne yana da suna. In kuma aka kawo muku hoto mai ɗan duhu da yashi-yashi, wanda mai shi ya yi awa uku a tsugune kafin tsuntsun ya waiwayo, don Allah ku ba shi fili, ku kuma rubuta awa ukun a ƙasansa.

Wassalam.

Daga wani mai karanta jaridarku, mai ɗaukar hoton tsuntsaye.