A riƙa ba lauyoyin ƙananan garuruwa haƙƙinsu a shafukan jarida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni ɗan fili a wannan jarida taku domin in ja hankali kan wani rukunin mutane da ba kasafai ake kula da su ba, ko suna raye ko bayan sun rasu, wato mutumin da ya zauna a ƙaramin gari, ya fara da koyarwa a aji, ya koma aikin lauya, sannan jama'a suka ɗora masa wani ɗan muƙami kamar kansila ko mai kula da hanyoyi. Idan babban lauyan birni ya kwanta dama akan cika shafuka da jerin shari'o'in da ya yi nasara a kansu, amma wanda ya rubuta wasiyyar rabin mutanen garinsu, ya kuma koya wa 'ya'yansu karatu, layi biyu na sanarwa ne kawai rabonsa.

Dalilin wannan sakaci, a ganina, shi ne yawancin aikinsa ba ya barin abin da ɗan jarida zai kira labari. Rigimar iyakar gona ce, da rabon gado, da bashin da aka ci ba tare da rubutu ba, da dabbar wani da ta shiga amfanin wani. Mafi kyawun abin da yake yi kuwa shi ne hana magana isa gaban alƙali, kuma shari'ar da ba a yi ba ba ta shiga kundin kotu. Abraham Lincoln, tsohon shugaban Amurka, wanda ya riƙe gidan waya na ƙauyen New Salem daga 1833, ya yi aikin safiyo, sannan ya sami lasisin lauya a 1836 ya koma Springfield a 1837, ya bar rubutacciyar shawara ga masu shiga wannan sana'a cewa su riƙa hana maƙwabta ƙarar juna, su lallashe su su yi sulhu duk inda hali ya yi, domin wanda aka ce ya ci shari'a sau da yawa shi ne ya yi asarar kuɗi da lokaci.

Misalin da ya fi dacewa da abin da nake nufi shi ne John Adams, kafin ya zama shugaban Amurka na biyu a 1797. Bayan ya gama karatu a jami'ar Harvard a 1755 ya tafi garin Worcester ya koyar da yara, kuma bai ɓoye a littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum ba cewa aikin yana gundurarsa, ko da yake ya ce yakan kalli ajin kamar wata 'yar ƙasa da ake iya ganin halayen manyan duniya a cikinta. A 1756 ya shiga hannun wani lauya mai suna James Putnam, yana koyarwa da rana yana karatun shari'a bayan an tashi, har ya koma garinsu Braintree a 1758 ya kama aiki. Shari'arsa ta farko a kan dawaki ce da suka shiga filin wani maƙwabci, kuma ya faɗi saboda kuskuren da ya yi wajen tsara takardar ƙarar. A babban birni da sai a mance da wannan cikin mako guda, amma a garin da kowa ya san gidan kowa, kunyar ta daɗe tana cin sa. Duk da haka mutanen nan ne suka naɗa shi mai duba hanyoyi a 1761, suka kuma zaɓe shi cikin masu tafiyar da al'amuran garin a 1766.

Abin da ya biyo baya ne ya nuna amfanin wannan horo. A ranar 5 ga Maris 1770 sojojin Ingila suka buɗe wuta a kan jama'a a birnin Boston na Amurka, lokacin tana ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila, mutum biyar suka mutu, gari ya ɗauki zafi. Adams ya karɓi aikin kare sojojin alhali yana cikin masu adawa da mulkin Ingila, kuma ya san da waɗanda zai riƙa haɗuwa a kan titi kowace safiya. Aka sallami kyaftin ɗinsu, Thomas Preston, aka sallami shida daga cikin sojoji takwas, biyu kuma aka same su da laifin kisa ba da niyya ba. Irin wannan ƙarfin hali ake nema daga lauyan ƙaramin gari a kai a kai, domin idan ya tsaya wa wanda jama'a suka tsana ba shi da wurin ɓuya, kuma mai yiwuwa ɗan mai ƙarar ya taɓa zama a ajinsa.

Ba ina cewa duk wanda ya haɗa waɗannan ayyuka uku waliyyi ne ba. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma akwai haɗari na gaske idan wanda ke zama a majalisar gari ana raba filaye shi ne kuma lauyan mai neman filin. Mutumin da ya san sirrin gidaje da yawa yana iya amfani da shi wajen danne na ƙasa da shi, tsofaffin ɗalibansa kuma suna iya jin nauyin yi masa musu ko da sun ga ya kauce. Wannan ma wani dalili ne da ya sa ya kamata jarida ta sa ido a kansu tun suna kan aiki, ta tambayi ko sukan janye daga zama idan maganar ta shafi wanda suke karewa.

Mun san labarin Adams da Lincoln ne kawai saboda sun kai fadar shugaban ƙasa, shi ya sa aka adana takardunsu. Takwarorinsu da suka tsufa a ofishi mai ɗaki ɗaya, takardunsu kan ƙare a cikin akwati har gara ta cinye. Saboda haka nake ba da shawarar ku ware shafi, ko da sau ɗaya a wata ne, wakilanku su je su zauna da irin waɗannan dattawa tun suna da ƙarfin magana, su tambayi waɗanda suka koyar da waɗanda suka sasanta, su kuma nemi jin ta bakin waɗanda suka sha kaye a hannunsu a kotu.

Na gode.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku