A Tura Ɗaliban Injiniya Cikin Unguwa Kafin Su Fara Zane

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili in yi kira ga malaman da ke koyar da aikin injiniya a Jami'ar Bayero da Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, game da yadda ake koya wa 'ya'yanmu tsara aiki.

A shekarun baya an haƙa mana rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a unguwarmu. Aikin ya yi kyau a ido, amma babu wanda ya tambayi matan gida ko 'yan garuwa yawan ruwan da ake ɗiba a yini, shi ya sa kafin hantsi tanki ya ƙafe. Da injin ya lalace, mun karaɗe Ƙofar Ruwa da Sabon Gari ba mu sami kayan gyaransa ba. Ban ce injiniyan bai iya lissafi ba, sai dai da alama ba a taɓa koya masa cewa mai ɗibar ruwa da makanikin da zai gyara su ma suna cikin lissafin ba.

Haka batun kududdufai yake. Magabata sun haƙa su ne wajen ɗibar ƙasar gini, daga baya suka zama matattarar ruwan damina. An cike da yawa an yi gine-gine a kansu, kuma duk watan Agusta ruwa na neman tsohon gidansa ta cikin ɗakunan mutane. Ko ginin tubali da azara, wanda wasu matasa ke yi wa kallon ƙauyanci, ya fi bulo da kwano sanyi a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, kuma ba ya neman janareta.

Shawarata ita ce kada a karɓi aikin kammala karatun ɗalibi sai ya zauna da mai unguwa da masu sana'ar wurin, ya rubuta wanda zai gyara abin da ya zana, da kuɗin gyaran, da inda dattinsa zai zuba, domin mazauna kusa da masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa sun san ɗacin rashin wannan tambaya. Ina kuma roƙon COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ta sanya hakan cikin sharuɗɗanta idan ta zo tantance tsangayoyin injiniya.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu daga Gwale, Kano