Zaɓen Ƙaramar Bindiga Don Wasan Harbin Bārā

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in yi tsokaci kan tambayar da matasan Yamai ke yawan yi mini, wato wace ƙaramar bindiga ta dace da mai sha'awar wasan harbin bārā.

A ganina, mai koyo ya fara da wadda ke cin harsashin .22 LR, mai kaurin milimita 5.6, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a shekarar 1887. Sinadarin da ke tayar da albarushinsa yana cikin gefen gindin kwanson, ba a tsakiya ba, shi ya sa yake da araha, kuma bindigar ba ta girgiza hannu sosai, don haka mutum ya fi samun natsuwar gyara saiti. Da wannan harsashi ake gasar harbi ta mita 25 a wasannin Olamfik. Kamfanin Ruger yana ƙera irin waɗannan bindigogi tun 1949, sai dai ni na fi duba yadda mariƙin ya zauna a tafin hannu da laushin kunamar fiye da sunan kamfani. A guji danna kunama babu harsashi, domin hakan yana lalata wasu daga cikinsu.

Ƙanƙantar harsashin ba ta hana shi kisa ba, yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi. Saboda haka takardar izini daga hukuma da filin harbi mai tudun kariya su ne farko, kafin a je ga ciniki.

Naku,
Mai karatu daga Yamai