A bar masu shan maganin HIV su riƙa karɓo wa juna, amma bisa ƙa'ida

Malam Edita,

Muna roƙon fili mu yi magana kan abin da ke sa masu cuta mai karya garkuwar jiki yanke shan magani. Galibi kuɗin mota ne ke gagararsu, da yinin da ke salwanta a layin asibiti. Tun 2008 aka samo mafita a lardin Tete na Mozambik, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara haɗa majinyata rukuni-rukuni, kuma muna son asibitoci su rungume ta.

Mutum shida ko ƙasa da haka, maƙwabtan juna, su ne za su zaɓi kansu. Ma'aikacin lafiya bai kamata ya haɗa waɗanda ba su amince da juna ba, don sirri ne a tsakani. Kowane wata mutum ɗaya ya je ya karɓo wa kowa. Kafin ya tafi a zauna a ƙirga ƙwayoyin da suka rage wa kowane mutum, a rubuta a katin rukuni tare da duk wani ƙorafi. Ranar da ya je ake duba shi, a ɗebi jininsa in lokaci ya yi. Da haka, in su shida ne, kowa zai je sau biyu a shekara maimakon sha biyu.

Ba kowa ake sakawa ba, sai wanda ya yi aƙalla wata 6 a kan magani, gwaji ya nuna ƙwayar cutar ta sauka ƙasa da 1,000 a kowace mililita ta jini, kuma ba ya wata jinya.

Inda abin ke ɓaci shi ne a bar wa mai abin hawa zuwa kullum. Tausayi ne, mun sani, amma sauran sai su shekara ba a auna jininsu ba, cutar ta farfaɗo ba wanda ya sani. Mai ba da magani ya duba katin, ya tabbatar ana karɓa-karɓa.

Wanda ya fara tari, zazzaɓi, zufar dare ko rama kada ya aika saƙo, ya je da ƙafarsa a yi masa gwajin tarin fuka. Maganin tarin, rifampicin, yana rage ƙarfin dolutegravir, ɗaya daga cikin magungunan HIV, a jiki, don haka likita zai ƙara masa miligiram 50 na dolutegravir bayan awa 12. Wannan ba abin da ɗan aike zai yanke ba ne. Mai juna biyu ma ta koma hannun ma'aikatan awo.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiya