Yawon buɗe ido ba na Turawa ba ne kaɗai, mu ma mu riƙa leƙa garuruwan juna

Edita, barka da aiki. Don Allah ka ɗan ba ni fili in amayar da abin da ke cikina.

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, na fi shekara goma ina zuwa Aba saro kaya amma daga tasha sai kasuwa sai masauki, ban taɓa leƙa ko'ina ba. Bara wani kwastomana ɗan ƙabilar Ibo ya matsa lallai sai mun je Umuahia gidan tarihin yaƙin basasa, ni kuwa gabana sai faɗuwa yake don na ɗauka zagin 'yan Arewa zan je in sha. Wallahi ba haka na tarar ba. Na ga motocin sulke da 'yan Biyafara suka ƙera da hannunsu, na ga bam ɗin nan Ogbunigwe, muka sauka ramin ƙarƙashin ƙasa inda rediyon Biyafara ke watsa labarai, a nan ne mutumin ya yi shiru can ya ce min yayarsa yunwa ce ta kashe ta a 1968 tana 'yar shekara uku. Ni ma na ba shi labarin ƙanin babana da ya tafi soja bai dawo ba, ko kabarinsa ba mu sani ba. Shekara goma muna ciniki, ba mu taɓa wannan hirar ba.

An gama yaƙin nan tun Janairun 1970, Gowon ya ce babu wanda ya ci babu wanda aka ci, ya kawo shirin bautar ƙasa na NYSC a 1973, to amma yanzu kowa rububin canjin jiha yake a dawo da ɗansa gida. Ruwanda fa da aka yi kisan kiyashi a 1994, sun gina wajen tunawa a Kigali inda aka binne mutum sama da 250,000, ɗalibai da baƙi na shiga kullum, mu kuwa sai rufa-rufa kamar ba a yi ba.

Roƙona ga gwamnatin Kano da masu makarantun kuɗi, eskoshin ɗin yara kada ya tsaya a gidan zu, a haɗa musaya da makarantun jihar Abiya inda Aba da Umuahia suke, nasu su zo su hau Dala, su ga Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata. Shi dai mutumin nawa ya ce zai zo da iyalinsa kallon hawan Daushe, har na fara neman inda zan sauke su.

Naka mai karatu,
daga Fagge, Kano