Wasiƙa Ga Mai Girma Kwamishina: Gara Ta Cinye Mana Aikin Shekara Biyu

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa, don yau ƙorafi na kawo.

Ni malama ce a ajin yara masu buƙata ta musamman a nan Gombe. Aikinmu rabinsa lura ne. Yaro ya fashe da ihu, sai in rubuta a littafi ƙarfe nawa ne, me ya faru kafin nan, me ya yi, me ya kwantar da shi. Da haka na gano wani ɗalibina mai galahanga ba ya buga kansa da bango sai an tayar da injin niƙan maƙwabta. Wata uku ina rubutu kafin na gane. Muka sauya masa wurin zama, ya samu sauƙi.

Wannan littafin, da wasu shida, gara ta cinye su a hutun damina. Da mahaifiyarsa ta kai shi asibiti, likita ya tambaye ta sau nawa abin ke tashi a mako, ta kira ni a waya, na yi shiru.

Wani babban baƙo ya taɓa zuwa da ayarin motoci, ya ce za a ba kowane aji na'ura. An yi tafi, an ɗauki hoto. Hoton dai ya fito da kyau.

Ranka ya daɗe, ba kwamfutar miliyoyi muke roƙo ba. Ma'aikatan rigakafin shan inna da waya suke shigar da bayanai. Manhaja irin KoboToolbox tana aiki ko babu intanet, sai an samu sabis ta tura. A ba mu waya ɗaya a kowane aji, da ƙaramar sola ta caji, da horon kwana biyu. A sa fom ɗin da Hausa, a kulle shi da lambar sirri, don sirrin 'ya'yan mutane ne.

Ka fi ni sanin dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, da kason da UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, ke warewa don ilimin waɗannan yara. Don Allah a tsakuro mana daga ciki.

Batun ƙarancin malaman kurame da takardar Braille ta rubutun makafi, sai wani jiƙon.

Na sayi sabon littafi da kuɗina, a leda nake ɗaure shi yanzu. Ina jiran amsarka kafin wani ruwan ya sauka.

Wassalam,
Wata malama daga Gombe