Murar kaji da ke tafiya ta dawo

Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in ja hankalin masu kiwon kaji a gida, tunda hunturu ya kama.

Akwai murar da ba ta kashe kaza nan take kamar fakat, sai dai ta yi ta cin ta a hankali: atishawa, kumfa a gefen ido, kumburin fuska, ƙwai ya ja baya. In ka tsaya bakin akurki da dare za ka ji ƙirjinsu na ƙugi. Yawanci ƙwayar maikofilazma ce. Kazar da ta kamu tana ɗauke da ita har mutuwarta, kuma tana sa wa tsakinta ta cikin ƙwai. Magani kwantar da cutar yake yi kawai.

Masu fasa kafson amoksisilin na mutane a ruwan kaji asarar kuɗi suke yi, domin shi maganin bangon ƙwayar cuta yake rusawa, ita kuwa wannan ba ta da bango. Tailosin ne ke kama ta, ko doksisaiklin. Tailosin rabin giram ake sawa a lita ɗaya, kwana 3 zuwa 5, amma a duba takardar, ƙarfin garin ya bambanta. A haɗa sabo kullum, a ɗauke duk wani ruwan sha. Kada a ci ƙwai ko nama sai wa'adin da aka rubuta ya cika. Mai amfani da tiyamulin, wani maganin wannan murar, ya tabbata abincin ba monensin ko salinomaisin, magungunan da akan haɗa a abincin kaji, domin haɗuwarsu da tiyamulin guba ce.

Abin da ke tayar da cutar shi ne akurkin. Saboda sanyi a kan toshe kowace kafa da buhu, zarnin kashi ya taru ya ƙona hanyar numfashi. In ka sunkuya daidai tsayin kaza idonka ya yi yaji, su ma haka suke kwana. A tare ɓangaren da iska ke bugowa, a bar kafa ta sama, a canza ɓuntun shinkafa da zarar ya jiƙe.

Kazar kasuwa a keɓe ta sati uku kafin ta shiga cikin na gida. Kada a yi wa masu tari rigakafin fakat na Lasota, ƙara rikita su take yi. Wadda ta sha magani sau biyu ta koma tari, ni dai shawarata a yanka ta bayan wa'adi, kada a bar ta ta kwanci ƙwai.

In kaji suka fara zubewa da yawa cikin kwana biyu, wannan ba ita ba ce. A kira likitan dabbobi, yana iya zama fakat ko murar tsuntsaye.

Naka,
wani ma'aikacin lafiyar dabbobi, Zariya